Tattakin Bakin Gulbi: Nasiha Kafin Ku Ɗaura Takalmi

'Ya'yana, labari ya iso mini cewa wasu daga cikinku na shirin tattaki: ku tashi daga Sakkwato da ƙafa, ku bi ta Rabah, ku gangara Wurno, ku dire Goronyo, kuma kun zaɓi lokacin da babu biki babu taro, don ku ga garuruwan a yadda suke kullum. Na ji daɗin wannan niyya. Yaron da ya ce zai san ƙasarsa da tafin ƙafarsa ya fi mini wanda ya haddace unguwannin Dubai a waya, alhali bai taɓa zuwa inda Gulbin Rima ya haɗu da na Sakkwato ba, ga mahaɗar kuwa a bayan gari. Ba hana ku zan yi ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ga samari da dama sun yi irin wannan shiri, kuma wuri ɗaya suke tuntuɓe. Sai su shirya jaka, su shirya waya, su manta da shirya mutane.

Na san inda sha'awar ta fito. Kuna ganin Turawa a waya sun goya jaka suna bin garuruwan bakin teku lokacin sanyi, sa'adda masu yawon shaƙatawa suka watse, masauki ya yi araha. A kudu maso yammacin Ingila akwai hanyar ƙafa da ta bi gaɓar teku tsawon mil 630, an kakkafa mata alamomi, garuruwan da ke kanta da ɗakunan haya, in ƙafa ta gaza sai a tsaya a jira bas. Mutum ɗaya tilo zai yi makonni a kanta ba wanda ya tambaye shi ɗan gidan wa ne. Mu ma mun ga namu yayin a 2015, bayan zaɓe, da wani matashi ya tako daga Legas har Abuja, sai kowa ya rataya tuta ya hau kwalta, 'yan jarida na biye. Taku tafiyar daban take da duka biyun. A gabashin Sakkwato babu alama a bakin hanya, yawancin ƙauyuka babu ɗakin haya, kuma ba mai bin ku da kyamara. Wanda zai kai ku ya dawo da ku shi ne mutumin da ya san da zuwanku a kowane zango.

Mu fara da lokaci, don shi ne abin da ba a gyarawa bayan an tashi. Na ji wani cikinku ya ce damina ta fi, ƙasa ta yi kore, hoto zai yi kyau. Ɗana, cire wannan daga ranka. Da damina hanyoyin fadama laka ne, gulbi ya cika ya batse, sauro ya yi yawa, kowane magidanci yana gona tun asuba, ba shi da lokacin baƙo. Hatsi kuma ya yi tsawo har ya rufe mutum a kan babur, mutanen yankin sun san abin da wannan ke nufi a shekarun nan. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar nan da Abdulkarim, ya sauka Wurno a watan Afrilun 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya zauna ya wuce. Da ya dawo daga Tumbutu a 1854 cikin damina, a Wurno ɗin atuni ya kwantar da shi makonni, mutumin da ya riga ya ratsa hamada. A watan Satumbar 2010 kuwa ruwa ya yi ambaliya a kwarin Rima, ya cinye gonaki da ƙauyuka, ya yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wanda ya ga wannan ba ya raina gulbin nan don ya gan shi a ƙafe da rani.

Bazara ba sai na tsawaita ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40, kuma shi ne lokacin sanƙarau. Da kaka kowa na kan girbi, hankalin gari na wajen kwaso amfani kafin wani ya riga shi.

Abin da ya rage shi ne ɗari, daga Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu. Tudu ya bushe, ƙasa ta yi tauri, ana hango nesa in babu hazo. Fadama kuwa lokacin take cikin adonta: albasa, tafarnuwa, alkama, tattasai, ga ƙarar injinan ban-ruwa tun daga safe. Amma babbar ribar wannan lokaci ba ta cikin lambu. Samari da yawa sun tafi cin rani, aikin tudu ya ƙare, dattawa na zaune a gindin bango suna shan hantsi. Wanda ba zai kula ka ba ranar Sallah don yawan jama'a, a watan Janairu zai shimfiɗa maka tabarma ya ba ka tarihin unguwarsu har azahar. Ku dai duba kalanda da kyau, ku kauce wa makon Sallah, ku kauce wa lokacin yaƙin neman zaɓe, sa'adda duk wani gungun samari baƙi ake ɗaukarsa na wata jam'iyya ne. A 'yan shekarun nan azumi yana matsowa cikin ƙarshen ɗari, kada ku haɗa tattaki da shi. Mai ciwon asma kuma ya yi shawara da likita, ƙurar hunturu a fili ba irin ta cikin gari ba ce.

Yanzu ga maganar da na san iyayenku sun riga ni faɗa, kuka ce tsoro ne irin na tsofaffi. Yankin nan yana fama da 'yan bindiga. A watan Yulin 2018 an kashe mutum sama da 30 a Tabanni da kewaye, cikin ƙasar Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah. A watan Satumbar 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda tsaro. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban shekarar aka afka wa kasuwar Goronyo, aka kashe mutum sama da 40. Allah Ya ji ƙansu. Ban kawo wannan don in karya muku gwiwa ba. Mutane na nan zaune a garuruwan, suna noma, suna cin kasuwa, suna aurar da 'ya'yansu. Sai dai su sun san wace hanya ake bi yau, wacce aka daina bi tun makon jiya, ƙarfe nawa ake komawa gida. Ku ba ku sani ba, kuma taswirar waya ba za ta gaya muku ba. Baƙo ko da ido makaho ne.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar, shi ya sa magabata suka bar mana dabara. Gabas da inda za ku bi akwai dajin Gundumi. Clapperton, Baturen Birtaniya, ya ratsa shi a 1824, ƙishirwa ta kusa halaka mutanensa. Barth ya ratsa shi cikin ayari, suka yi tafiyar sa'a 26 ba zango don tsoron mahara. Dajin da ake gudu a lokacin shi ake gudu yau. Su ma ribaɗoɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, Wurno da garuruwa irin su Gandi da Shinaka, don tsare wannan kusurwa aka gina su. Matafiyin wancan zamani ba ya tashi shi kaɗai, ba ya tashi sai madugu ya ji labarin hanya, kuma in aka ce a dakata, yakan yi mako a zango yana jira, ba wanda ya kira shi matsoraci. Ku ɗauki wannan. Kowace safiya a tambayi hanya sabuwa, ko da jiya an ce lafiya lau. In mai masaukinku ya ce wannan tsakanin ba a taka shi da ƙafa, ku shiga mota tare da jama'a. In ya ce ku koma, ku koma. Na ga yaran da suka yi gardama a nan don sun riga sun sanar a Facebook cewa za su kai Goronyo da ƙafa, suna jin kunyar abokai. Kunyar kwana biyu ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Maganinta ma mai sauƙi ne: kada ku sanar da komai kafin tafiya. Kada ku sa hoto yau kuna cewa gobe muna gari kaza, ba abokanku kaɗai ke karantawa ba. Ku tara hotunan sai kun dawo gida.

Akwai haɗari na biyu da samari ba sa hangowa, wanda ke fitowa daga mutanen kirki. Ka sa kanka a matsayin ɗan banga a ƙauyen da aka taɓa kai wa hari. Da la'asar sai ga samari huɗu da ba ka sani ba, da jakunkuna a baya, ɗaya na ɗaukar hoton mashigar gari, ɗaya na tambayar ina hanyar kaza ta ɓulle. Me za ka zata? Kalmar da ke bakin kowa a yankin ita ce infoma, kuma wanda aka liƙa wa ita ba ya samun damar dogon bayani. Tambayar farko da za a yi muku ita ce, "Ina kunka hito? Wurin wa kunka zaka?" Dole amsar ta biyu ta zama sunan mutum sananne a garin, wanda ya san da zuwanku, wanda in aka aika yaro zai zo ya ce baƙinsa ne.

To, a nan ainihin shirin yake, kuma aikin wata guda ne ko fiye kafin ku ɗaura takalmi. Ku zauna ku lissafa wa kuka sani. Abokin karatu ɗan Wurno, malamin makaranta da aka taɓa tura shi Rabah, ɗan kasuwar albasa da mahaifinka ke hulɗa da shi a Goronyo, ma'aikaciyar asibiti ƙawar innarki. Babba ya kira babba, kada yaro ya kira da kansa ya ce ga mu nan tafe. Wanda ya karɓe ku a gari na farko shi zai haɗa ku da na gari na biyu, a riƙa miƙa ku kamar yadda magina ke miƙa tubali hannu zuwa hannu, ba a sakin ɗaya sai an tabbata wani ya riƙe. Ku karɓi takarda daga makarantarku ko mai unguwarku mai bayanin ko ku su wane ne da abin da ya fito da ku, kowa ya riƙe katin shaidarsa na ƙasa. In kun isa gari, kafin ku sha ruwa ku huta sosai, mai masauki ya kai ku ku gai da mai gari ko uban ƙasa, a Wurno fadar Sarkin Sudan, a Rabah fadar Sarkin Rabah, sannan a sanar da jami'an tsaro. Wasu na ganin wannan ɓata lokaci ne. Gaisuwar minti goma ce ke sa gari duka ya san ku baƙin wane ne, har yara su daina bin ku da kallo. Sai da ɗan gari akan ci gari.

Kada ku wuce mutum huɗu ko biyar. Ƙasa da uku ya yi kaɗan, in ɗaya ya kwanta ana bukatar mai zama da shi da mai neman taimako. Fiye da biyar kuwa nauyi ne a kan gidan da zai ciyar da ku. Ku naɗa shugaba tun daga gida, wanda in ya ce a tsaya an tsaya. A bar wa wani babba a Sakkwato takarda mai sunan kowane zango da lambar mai masauki, a riƙa kiransa safe da yamma. Lambobin kuma a rubuta su a takarda a sa aljihu, caji na ƙarewa, sabis na ɗaukewa.

Nisan kansa ba abin tsoro ba ne ga mai lafiya, in an raba shi da hankali. Sakkwato zuwa Rabah kimanin kilomita 30 ne a miƙe. Rabah zuwa Wurno ya ɗan haura 20, ana ratsa tudun da ke tsakanin gulaben biyu, don Rabah na bakin Gulbin Sakkwato, Wurno kuwa na kallon kwarin Rima. Wurno zuwa Goronyo ya haura 30. Hanyar gaske ta fi haka tsawo, tana lanƙwasa. A ƙasa mai tauri mutum na cin kilomita 4 zuwa 5 a sa'a, a rairayi da kaya a baya sai ya koma 3. Wanda bai saba ba, kilomita 15 zuwa 20 a yini ya ishe shi. A tashi bayan gari ya waye sarai, mutane sun fara fita, a yada zango kafin azahar, kada la'asar ta same ku a daji. A ganina, karon farko ku tsaya a kan Sakkwato zuwa Achida zuwa Wurno, inda hanya ke da jama'a, sauran ku bar wa hali da shawarar mutanen wurin. Sannu ba ta hana zuwa. Game da sallar ƙasaru ku tambayi malami kafin ku tashi, a mazhabarmu nisanta mil 48 ne, kuma hukuncin ya danganta da niyyar da kuka ɗaura da inda za ku yada zango.

Kada ku je da kai fayau. Kafin tafiya ku ziyarci Hubbaren Shehu, ku shiga gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ku karanta abin da ya sawwaƙa. Wanda bai san komai ba zai isa Wurno ya ga gari a kan tudu, ya ce shi ke nan? Wanda ya karanta zai tsaya a gefen tudun ya dubi kwarin, ya gane dalilin da Muhammadu Bello ya bar Sakkwato ya tare a nan: ana hango mai zuwa tun daga nesa, ga ruwa, ga fadamar da za ta ciyar da runduna. A nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, a nan ya fi zama, har baƙi daga nesa suka riƙa ɗaukar Wurno a matsayin fadar daula. In kun shiga hubbaren Bello ku cire takalmi, ku sassauta murya, ku yi addu'a yadda sunna ta koyar, ku tambayi masu kula da wurin kafin ku ɗaga waya.

Rabah kuma garin Sardauna ne. A nan aka haifi Sa Ahmadu Bello, mahaifinsa Ibrahim na sarautar garin, kakansa kuwa Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Muhammadu Bello. Bayan Ahmadu ya gama Kwalejin Katsina ya koyar a Midil ta Sakkwato, a 1934 aka naɗa shi Sarkin Rabah, a 1938 ya zama Sardauna. Littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1962 da Rabah ya buɗe, da gulbinta da ƙuruciyarsa a can. Ku karanta wannan babin kafin ku je, sannan ku tsaya a bakin gulbin ku kwatanta da abin da idonku ya gani. Ku tambayi tsofaffi yadda ruwan yake kafin a gina madatsar Bakolori a sama, can ƙasar Talata Mafara, a ƙarshen shekarun 1970, da yadda noman fadama ya koma bayanta. Amsar da za ku ji ba ta cikin littafin makaranta.

Ga wani abu da zai ba ku mamaki, ku da kuke sha'awar garuruwan bakin teku. Masu binciken ƙasa sun ce sama da shekara miliyan 65 da suka wuce teku ce ta rufe wannan yanki. Duwatsun Wurno da Dukamaje da Taloka sunayensu na cikin littattafan ilimin ƙasa na duniya. A ƙasar Goronyo aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da kada, masana daga Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus a 1972. Farar ƙasar da ake sarrafawa a yi siminti a Kalambaina ma ragowar wannan teku ce. In kuna tafiya a gefen tudu ku riƙa duban ƙasa, wanda ya yi sa'a zai ga sawun katantanwar ruwa a jikin dutse. Ku duba, ku ɗauki hoto in wurin ya halatta, ku bar shi inda yake.

Madatsar Goronyo ba a cikin gari take ba, tana gabas da shi sama da kilomita 20, kuma ɓangaren da ya fi bukatar tambaya ke nan. An gama gina ta a 1984, bangonta ya kai kilomita 12 da rabi, tana ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900, daga gare ta ake sako ruwan da Sakkwato ke sha da wanda manoman rani ke dogaro da shi har Kabi. A 2018 ta janye har ta koma kusan kashi 10 cikin ɗari, hankalin jiha ya tashi. Wuri ne na gwamnati mai masu gadi, ba a shiga ko ɗaukar hoto sai da izinin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. In ba a samu izini ba, ko an ce hanya ba ta da kyau, ku haƙura. Ruwan nata kuna iya ganin aikinsa a kowane fangalin tafarnuwa da kuka wuce.

Tunda an zo maganar ruwa, kada zafin tafiya ya sa ku faɗa tafki ko magudanar ban-ruwa da sunan wanka. Ruwan da ke kwance shi ke ɗauke da tsargiya, ba za ka sani ba sai bayan makonni ka ga jini a fitsari. Kada ku tsallaka gulbi da ƙafa sai inda kuka ga 'yan gari na tsallakawa, rairayin gindinsa na da ramuka. In fito ya kama, ku dubi jirgin kafin ku shiga. A watan Agustan 2025 jirgi ɗauke da mutum sama da 50 ya kife a hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. In kun ga an loda mutane da buhuna da babura har bakin jirgi ya kusa shafar ruwa, ku jira sawu na gaba, ko da mai fito ya yi muku dariya. Ranar kasuwa kuwa, ku ci ta da hantsi, ku bar ta tun rana na sama.

Sai jiki. Kuskuren da na fi gani shi ne sayen sabon takalmi ana gobe tafiya. Kafin azahar ƙafa ta yi bororo, washegari ya fashe, tafiya ta ƙare a kan babur. Takalmin da za ka tafi da shi ka yi makonni kana yawo da shi, da safar auduga biyu ko uku da za ka riƙa sauyawa, da silifa na zango. Silifa kaɗai ba ya yi, ƙarangiya da ƙaya za su koya maka. Wata guda kafin tashi ku riƙa fita da asuba da jakar a baya, ku fara da kilomita 5 kuna ƙarawa, jiki magayi ne, zai nuna wanda ya shirya. Hunturu na fasa dunduniya da leɓe, ku riƙe man kaɗanya. Ku riƙe malafa, da rawani ko mayafin rufe hanci, da bargo mara nauyi don sanyin asuba a bakin fadama na shiga ƙashi, da gidan sauro, fadama ba ta rabuwa da sauro ko da rani. Iskar ɗari na busar da gumi kafin ka gan shi, sai mutum ya zaci bai yi asarar ruwa ba, har ciwon kai ya kama shi. Kowa ya ɗauki lita 3 aƙalla, ya cika a duk inda ya sami famfon burtsatse, ya sha tun bai ji ƙishi ba, a kuma riƙe ƙunshin gishiri da sukari na asibiti. Guzuri mara lalacewa ya fi: dabino, ƙuli-ƙuli, garin rogo, ɗan kilishi. Fura da nono za ku samu a hanya. Da dare kada a fita bayan gida ba tocila, kuma a kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. Kuɗi a raba su aljihu-aljihu, ƙananan takardu, kada a dogara da masu POS a ƙauye.

'Yata, na san kina karantawa kina cewa wannan duk zancen maza ne. Tarihin hanyar nan ya saɓa miki. Nana Asma'u 'yar Shehu ta zauna Wurno tare da mijinta Waziri Giɗaɗo, kuma 'Yan Taru da ta kafa mata ne da ke tasowa daga ƙauyuka da ƙafa, bayan an gama aikin gona, su zo ɗaukar karatu su koma su koyar. Amma dubi yadda ta tsara abin. Kowane ayari da jajiyarsa, dattijuwa sananniya wadda aka naɗa da malafa da rawani, kowa ya gan ta ya san ko su wane ne da inda suka nufa. Ke ma haka za ki yi: da yardar iyaye ko miji, da muharrami ko babbar mace a gaba, a sauka cikin gida wurin mata. A halin da ake ciki ina ba ki shawara ki tafi Wurno da mota, ki yi tattakinki a cikin gari da lambunan kusa. Ba ki yi asara ba. Kina da ƙofar da 'yan'uwanki maza ba su da ita, su iyakarsu zaure, ke kuwa za ki zauna da tsofaffin mata a tsakar gida, inda rabin tarihin garin yake ajiye.

A gidan mutane ku tuna shekarun nan sun yi wa manomi tsanani, wasu gidajen ma na riƙe da dangin da suka gudo daga ƙauyukansu. Duk da haka za a yanka muku kaza, don ba a san a bar baƙo haka ba. Kada ku miƙa kuɗi a hannu kamar kuna biyan otal, cin fuska ne. Ku zo da tsaraba: goro, sukari, ganyen shayi, sabulu ga uwargida, littattafan rubutu ga yara. Dare ɗaya ko biyu ya isa a gida guda. Abin da aka kawo ku ci, ku yi santi. Kada ku ɗauki hoton mace ko yaro ko gidan da aka ƙona ba da izini ba, kada kuma ku tsare wanda aka taɓa sacewa da tambayar yadda aka yi. In ya ga dama zai faɗa da kansa, in ya faɗa kuma ba na sawa a intanet ba ne. Siyasa da zancen wace ƙabila ce ta jawo fitina ku bar su a Sakkwato, ba ku san wanda ke zaune a gefen tabarma ba, ba ku san abin da ya rasa ba.

Ɗaya daga cikinku ya riƙe littafi da biro. Kowane dare a rubuta sunan ƙauyukan da aka wuce, sa'a nawa aka yi, ina aka sami ruwa, nawa ake sayar da buhun albasa a bakin gona, me dattijon ya ce game da ganuwar garin. In kun dawo, a ranar ku kira kowane mai masauki ku ce kun sauka lafiya, don hankalinsa na kanku har sai ya ji. Iyayenku ma su kira su yi godiya. Hotunan da kuka ɗauka da mutanen gida ku wanke su a takarda, ku ba direban motar garin ya kai musu, a haɗa da ɗan goro. Ƙannenku za su so bin hanyar nan baɗi ko baɗin baɗaɗa, kuma gidajen nan za ku tura su.